Akwatin Dario da Ƙwaron Taba

Tun ranar da akwatin yawo ya iso gidan Renzo Cattarin, tsoho Salvu ya gaya masa abin da zai faru, ya maimaita har sau biyu a gaban shaida. Renzo ya ji, ya kuma yarda gaskiya ce. Abin da ya hana shi aikatawa bai wuce kifi ba.

Su goma sha ɗaya ne a ƙungiyar, warwatse a faɗin Ostireliya, yawancinsu ba su taɓa ganin juna ido da ido ba. Taba ce ta haɗa su, irin wadda ake naɗewa da ganye zalla ba takarda, kara ɗaya ya kai kaurin babban yatsa, mutum ya shafe awa ɗaya da rabi yana zuƙa. Suna da akwati guda da ke zagayawa ta gidan waya. Wanda ya zo hannunsa sai ya ɗauki kara biyu ko uku, ya mayar da nasa masu daraja kamarsu, ya yi rubutu a littafin da ke ciki, ya tura wa na gaba. A littafin ake ba da labarin komai: wace taba aka sha, a bakin wane kogi, wa ya je wace ƙasa, karen wa ya mutu, wa likita ya ja wa kunne.

Uku daga cikinsu a Innisfail suke. Renzo makanikin injinan yankan rake ne. Trev Lindqvist direban motar ayaba. Salvu Galea kuwa tsohon manomin rake ne, shekara saba'in da takwas, kunne ɗaya ya daina aiki amma hancinsa lafiya lau. Duk Lahadi bayan abincin rana suna zama a inuwar ƙarƙashin gidan Renzo, tsakanin ginshiƙan da suka ɗauke gidan, inda matarsa Noelene ta yarda hayaƙi ya tsaya.

Lahadin farko ta Fabrairu ce, zafi da danshi sun haɗu har riga na manne wa mutum a baya. Renzo ya buɗe akwatin, Trev ya fizge littafin kamar yadda ya saba.

"Ku saurari Hugh mai cire haƙori," in ji Trev. "Wai daga Adelaide ya je Kyuba. Ga abin da ya rubuta: 'Na zauna a rumfar wani manomi, ya naɗa mini taba a kan cinyarsa. Na ji ɗanɗanon ƙasa bayan ruwan farko, da koko, da fatar sirdi.' Fatar sirdi! Kawu Salvu, ka taɓa lasar sirdi?"

"Na taɓa lasar ƙasa, ranar da doki ya kayar da ni," in ji Salvu. "Ba ta yi kama da taba ba."

"Mutumin da ke yini da hannu a bakin jama'a, me ba zai ɗanɗana ba?"

Renzo bai shiga dariyar ba, hankalinsa na kan kara uku da ke gefen akwatin, baƙaƙe, masu maiƙo, an ɗaure su da zaren ganye, babu zoben takarda irin na kamfani. Ya kai ɗaya hanci ya lumshe ido. Shekararsa talatin yana shan wannan taba, bai taɓa barin ƙasar ba sai sau ɗaya da ya raka mahaifiyarsa Italiya. Duk tafiye-tafiyensa a littafin nan yake yin su.

"Waɗannan su ne na manomin," ya ce.

Salvu ya miƙo hannu ya karɓa, ya juya karan a kusa da kunnensa mai ji. "Trev, duba mana. Ya rubuta ya daskarar da su?"

Trev ya juya shafi gaba da baya. "Ya rubuta kalar rigar manomin da sunan jakinsa. Bai ambaci firiza ba."

"To bai yi ba. Tabar kamfani ana kashe mata ƙwan ƙwaro kafin ta fito. Ta gona kuwa da kayanta take zuwa. A Adelaide sanyi ya rufa masa asiri. Nan garin, da zafin nan, kwana nawa za a yi kafin su ƙyanƙyashe? Ka cire su dukka, kada ka tura wa na gaba, mutumin garin Darwin, bala'i. Ka sa su a leda, kwana ɗaya a firij, uku a firiza, ɗaya a firij. Kafin nan kada su kwana wuri ɗaya da naka."

"Na sani, Kawu."

"Na san ka sani. Cewa na yi ka yi."

"Kawu, wa kake wa gargaɗi?" in ji Trev. "Sarkin fargaba ne fa. Wannan da ke duba tayar motarsa sau biyu kafin ya je sayen burodi."

Suka kunna wasu kara daban, suka sha hira har rana ta yi sanyi. Da Salvu zai tafi, yana riƙe da ƙofar mota, ya sake juyowa ya ce, "Firiza, Renzo."

Renzo ya hau sama da karan uku a leda, ya buɗe firiza, ya tarar ba masaka tsinke. Gavin, ƙanin Noelene mai jirgin kamun kifi, ya kawo kifi da safe, an jera shi har murfi na rufuwa da ƙyar.

"Ka taɓa mini kifin nan ka gani," in ji Noelene daga bakin murhu. "Awa biyu na yi ina shirya shi."

"Ɗan wuri kaɗan nake so."

"Ka nemi ɗan wurin a naka firij ɗin. Ba don shi muka fasa sayen kujeru ba?"

Yana da nasa, gaskiya ne. Ƙaramin firij ne mai ƙofar gilashi a ɗakin ajiya, wanda ba ya ƙanƙara, sanyinsa na tsayawa a digiri sha takwas. A wannan sanyi ƙwan ƙwaro ba ya ƙyanƙyashewa, kowa a ƙungiyar ya san haka. Ya ce a ransa, kwana biyu ne, kifi zai ragu. Ledar ta yi masa ƙamshin roba, sai ya zare karan ya kwantar da su a kan shiryayye na sama tare da nasa, don kada ganyen ya ɗauki wari. Washegari ya tura akwatin yawo Darwin. Kifi bai ragu ba, aikin gyaran injuna ya taso, maganar ta kwanta.

A shiryayye na ƙasa na wannan firij akwatin ɗansa Dario yake.

Renzo ya saye shi a makon da aka haifi yaron. Kara ashirin da biyar ne a cikin akwatin katako mai ƙamshi, an buga masa ƙaramar ƙusa, an liƙe bakin murfin da takardar hatimi. Al'adar masu shan wannan taba ce: a ajiye wa ɗa tabar shekarar haihuwarsa, a buɗe ranar da ya cika ashirin da ɗaya. Dario na da shekara shida ya ji labarin, ya ɗauko alƙalamin zane shuɗi ya zana kada a kan murfin, da haƙora sun fi ƙafafu tsawo, ya rubuta sunansa a ƙasa. Ya sa uban ya ɗaga hannu ya yi alkawari cewa ba wanda zai yanka takardar sai shi. Duk shekara a ranar haihuwarsa yakan ce a fito da shi ya gani, ya shafa takardar da yatsa ya tabbata tana nan.

Yanzu Dario na can yamma, yana tuƙa manyan motocin ɗaukar dutse a mahaƙar ƙarfe. Mako biyu aiki, mako ɗaya hutu, hutun kuma a Perth yake yin sa. Wata ashirin ke nan bai taka Innisfail ba, kuma Renzo ya san dalili. Wata rana ya ji a rediyo an yi haɗari a wata mahaƙa. Ba a faɗi wacce ba. Ya kira yaron bai samu ba, ya sake kira bai samu ba. Sai ya binciko lambar ofishin wurin aikinsu, ya kira sau huɗu cikin awa uku. A na huɗun matar ofis ta gaji, ta yi magana a rediyon da duk direbobi ke ji, ta ce, "Dario Cattarin, ka kira babanka, yana tambaya ko kana numfashi." Direbobi sittin suka ji. Tun daga ranar suke kiran sa Jaririn Baba.

Dario ya kira da yamma. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Baba, tun ina firamare kake bi na da mota a baya ka ga ko na tsallaka titi. Na zo ƙarshen duniya, ka biyo ni ta waya. Ka bar ni in sha iska." Daga nan sai gajerun saƙonni, yawanci ga mahaifiyarsa.

A tsakiyar Janairu saƙo ya shigo wayar Renzo shi kansa. "Zan zo ranar Asabar ɗin haihuwata. Jirgi na sauka Cairns sha biyu saura. Kada a zo ɗaukata, zan yi hayar mota. A fito mini da akwatina, ni zan yanka." Renzo ya karanta ya fi sau hamsin. Yaron bai ce ya yi kewar gida ba, bai ce komai ya wuce ba. Akwatin kawai ya ambata, kuma Dario ko sigari ba ya sha.

Kwana goma sha biyu bayan waccan Lahadin, mahaukaciyar guguwa ta taso daga teku ta faɗa wa garin. Ta kwantar da gonakin ayaba kamar an bi da lauje, ta ɗauke rabin rufin gidan Renzo ta ajiye a gonar maƙwabci, ta karya turakun wuta har inda ido ya tsaya. A kwana na uku Renzo ya haƙa rami a bayan gida ya binne kifin Gavin da ya ruɓe gaba ɗaya, Noelene na tsaye da gyale a hanci. Daga nan ba wanda ya samu kansa. Tamfol a rufi, laka a ɗakuna, layin mai, layin ƙanƙara, injinan mutane da ruwa ya shiga. Janareta ya zama kamar zinare. Renzo ya tuna da tabarsa sau biyu ko uku, ya leƙa ta gilashi ya ga komai na nan a jere. Ya ce gara a bar ƙofar a rufe, danshin waje kada ya shiga. Karan uku na manomin Kyuba sun fita daga kansa ɗungurungum.

Ranar Talata, saura kwana huɗu Dario ya zo, wuta ba ta dawo ba, Renzo ya shiga ɗakin ajiya da hantsi don ya fito da akwatin ya goge shi. Ya buɗe ƙofar gilashin, ɗumi ya bugi fuskarsa kamar numfashin saniya. Ma'aunin da ke ciki na nuna talatin da ɗaya.

Abin da ya fara gani gari ne, ja-ja, laushi kamar yaji, a kan shiryayye na sama. Ya ɗauki ɗaya daga cikin karan manomin. Jikinsa duk huji ne ƙanana, kamar an bi shi da allura. Ya buga shi a tafin hannu, gari ya zubo, wani ɗan ƙwaro mai kalar ƙasa, bai fi ƙwayar riɗi ba, ya faɗo ya kama tafiya. Renzo ya tsaya yana kallon sa har ya hau masa wuyan hannu.

Nasa karan da ke kusa, fiye da rabi sun huje. Bai tsaya ƙirga su ba. Ya durƙusa. A kan murfin akwatin Dario akwai gari, a bisa bayan kadan nan shuɗi. Zai iya zama daga sama ya zubo. Ƙwari biyu na bin bakin murfin. Ya murƙushe ɗaya da yatsa. Ɗayan ya zagaya kusurwar baya, inda katakon ya ɗan ja da tsufa ya bar tsagar da farce zai shiga, sai ya daina ganin sa. Bai san ko ciki ya shige ko ƙasa ya faɗa ba.

Ya kira Salvu da Trev. Kafin azahar suna ƙarƙashin gidan, akwatin na kan tebur a tsakiyarsu.

Salvu bai ce na gaya maka ba. Da ya faɗa da Renzo ya fi samun sauƙi. Ya ce a kawo farar takarda. Ya shimfiɗa ta, ya karkata akwatin ta wajen tsagar, ya ƙwanƙwasa da yatsa sau uku. Gari kaɗan ya sauko, bai cika kan farce ba.

"Wannan ai ba komai ba ne," in ji Trev. "Taba ta shekara ashirin da ɗaya dole ta yi ɗan gari. Ni ma in ka girgiza ni wani abu zai zubo."

"Zai yiwu," in ji Salvu.

"Kawu, ka faɗa mini gaskiya," in ji Renzo.

"Gaskiyar ke nan, ɗana. Zai yiwu garin tsufa ne, zai yiwu na ƙwaro ne. Na taɓa ganin akwati a tsakiyar ɓarna, aka buɗe ba abin da ya taɓa shi. Na kuma ga wanda waje lafiya lau, ciki kamar gidan tururuwa. Ba a sani sai an buɗe."

"To a buɗe mana," in ji Trev. "Ku ji dabara. Tururin ruwan zafi kaɗan, reza mai kaifi, takardar ta ɗago ba tare da ta yage ba. Mu leƙa. In lafiya, mu mayar mu liƙe. In an ci, mu cika da wasu. Ina da goma, Kawu na da nasa. Yaron da bai san kan taba da gindinta ba, ina zai gane?"

Renzo ya dube shi. "Yaron da ya bar gida don na leƙa inda bai ce in leƙa ba?"

"Ai ba zai sani ba."

"Shekara goma sha uku yana shafa takardar nan da yatsa. Ya san kowane lanƙwasa nata. In ma bai gane ba, ni zan zauna a gabansa ina kallo yana yanka abin da na riga na buɗe?"

"To sai ka zauna ka bar ƙwari su yi bikin haihuwar."

"Trev," in ji Salvu, "bakinka na gudu kamar motarka ba birki." Ya juya ga Renzo. "Abu ɗaya ya rage. A daskarar da shi yadda yake, a rufe. Amma ka san sharaɗin. Kwana biyar ne, kai kuma huɗu gare ka. Tsohon ganye ba ya son gaggawa. In ya shiga sanyi da sauri ko ya fito da sauri, ganyen da ke lulluɓe da karan na tsagewa daga sama har ƙasa. Kuma ka sa wannan a ranka: sanyi na kashe ƙwaro, ba ya mayar da abin da ƙwaro ya ci."

"In na bar shi fa?"

"In suna ciki, kwana huɗu a wannan zafi ya ishe su ƙarasawa."

"In ba sa ciki kuma na daskarar, ni da hannuna zan fasa su."

"Zai yiwu."

"Kawu, yau ba ka da wata kalma sai zai yiwu?"

"Ita kaɗai gare ni."

Babu firiza mai aiki a unguwar. Wanda ke aiki na cikin jirgin Gavin ne a tashar Mourilyan, injin jirgin ke ba shi wuta. Renzo ya naɗe akwatin a leda biyu, ya matse iska, ya ɗaure, ya ajiye shi a kujerar gaba ya sa masa bel. Gavin ya saurari bayanin yana tauna cingam.

"Bari in fahimta, suruki. Kifina ya hana tabarka shiga firiza, ka binne kifina, yanzu ka kawo tabar ta kwana da sauran kifina."

"Haka ne."

"Allah ya ba yayata haƙuri. Kawo."

Suka sa shi a sashe mai sanyi kaɗan zuwa safiyar Laraba, daga nan Gavin zai mayar da shi wajen ƙanƙara. Renzo ya rubuta masa lokutan a takarda, ya liƙa a murfin, ya sake karanta masa da baki. A hanyar dawowa sau biyu yana rage gudu kamar zai juya.

Ranar Alhamis da safe suna shan shayin da aka dafa a kan risho, Noelene ta ajiye kofinta.

"Ka gaya masa."

"In gaya masa me? Ni ma ban san me ya faru ba."

"Shi za ka gaya masa. Ka yi kuskure, ba ka san iyakar ɓarnar ba, ba ka buɗe ba."

"In ya ce to ba amfanin zuwa fa?"

"Renzo, kana tsammani don ganye zai keto ƙasar nan tun daga Perth? Yaron da ke toshe hanci in ya wuce ku?"

"Don me zai zo, to? Karanta saƙon. Akwai sunana a ciki? Akwai naki? Akwati ya ce. Shi ne kaɗai abin da na yi masa daidai, Noelene. Shekara ashirin da ɗaya ban taɓa shi ba. Komai nasa na sa hannu, wannan kaɗai na bari."

Noelene ta juya cokali a kofinta. Ita ma ba ta da tabbas, ya gani a fuskarta.

"In ya zo ya yanka a gaban mutane ya tarar da gari," ta ce a hankali, "ya kuma ji ka sani tun Talata, wannan ya fi muni. Ni dai abin da na gani ke nan."

Ya sauka ƙarƙashin gida da wayar. Ya rubuta dogon bayani da ya faro daga Hugh mai cire haƙori, ya bi ta kan kifi da guguwa, ya karanta, ya ga duk neman mafaka ne, ya goge. Ya rubuta wani mai cike da ban haƙuri, ya goge. Rana ta kusa tsakiya kafin ya tura wannan:

"Dario, ƙwaro ya shiga inda nake ajiye taba. Laifina ne, an gargaɗe ni ban yi ba. Ban san ko ya shiga akwatinka ba. Ban buɗe ba, takardar na nan yadda ka san ta. Yana firiza a jirgin kawunka Gavin. Wataƙila lafiya yake, wataƙila ba abin da ya rage. Ina so ka sani kafin ka hau jirgi."

Bayan minti arba'in alama ta nuna an karanta. Renzo ya zauna da wayar a hannu yana jiran amsa. Ba ta zo ba. Da la'asar Noelene ta kira, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta ce ai yana bakin aiki har Juma'a, ba a ba su damar riƙe waya. Renzo bai ce mata ai ya samu damar karantawa ba.

Lambar ofishin mahaƙar na nan a wayarsa. Ranar Juma'a, yana zaune a mota a tashar jiragen ruwa yana jiran Gavin ya fito da akwatin daga ƙanƙara, ya nemo ta. Kira ɗaya zai gaya masa ko yaron ya fito hutu, ko yana cikin waɗanda za su hau jirgin Perth. Ya dubi lambar har fuskar wayar ta yi duhu. Ya kifa ta a kujera, ya sa hannuwansa biyu a kan sitiyari ya riƙe.

Ya kawo akwatin gida a cikin kula, da kwalaben ruwan sanyi a gefe, tawul a tsakani, yadda Salvu ya ce. Duk awa biyu yana cire kwalba ɗaya don sanyin ya sauka sannu a hankali. Ya san kwana ɗaya ya yi wa tsohon ganye kaɗan. Ba abin da zai iya yi a kai.

Asabar ta zo da rana mai zafi. Noelene ta tashi tun da sassafe ta murza taliya da hannu, irin wadda Dario ke so, ta dafa miyar nama a kan risho biyu. Ba ta tambayi Renzo ko amsa ta zo ba, shi ma bai tambaye ta ba. Salvu ya iso da sha ɗaya sanye da farar riga mai guga, ko da yake garin ba wuta. Trev ya zo da ƙanƙara da kwalabe, ya buɗe baki zai yi wasa, ya ga fuskar Renzo, ya je ya kama jera kujeru.

Renzo ya cire ledojin ya ɗora akwatin a tsakiyar tebur. Katakon na da ɗan sanyi har yanzu. Ya goge murfin da busasshen ƙyalle a hankali don kada zanen ya goge. Ya ajiye ƙaramar wuƙa a gefe.

"Jirgi ya sauka," in ji Trev yana duba wayarsa. "Sha biyu saura biyar."

Daga Cairns awa ɗaya da rabi ce in hanya lafiya. Akwai wurin da ruwa ya cinye titi ana bin layi ɗaya, a ƙara rabin awa. A ƙara wani rabin na karɓar jaka da hayar mota. Renzo ya yi lissafin a ransa, ya sake yi.

"Kawu, ko in girgiza shi kaɗan in ji?"

"Bar shi, ɗana. Ka girgiza shi ya isa."

Ƙarfe ɗaya ta wuce. Noelene ta sauko ta rufe kwanonin da faranti saboda ƙuda, ta tsaya a bakin matakala tana goge hannu da ba jiƙe yake ba. Motar masu gyaran wuta ta wuce. Wata farar mota ta rage gudu a bakin layin, Renzo ya miƙe tsaye, ta shiga gidan maƙwabta. Ya koma ya zauna. Ba wanda ya kunna taba.

Har ƙarfe biyu da rabi takardar na nan a liƙe, wayar ba ta yi ƙara ba. Renzo bai san ko kara ashirin da biyar ne a cikin akwatin ko gari ba, bai kuma san ko Dario ya hau jirgin ba.